Wanda ya sayar da bijimin gwauruwa ya tuba, shikenan an yafe ba biya?

Baban Rahila:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ni fa abin da ya faru ranar Lahadi ya hana ni barci, gara in faɗa a nan kowa ya ji. Mutumin nan duk kun san labarinsa, shekara shida kenan da Inna ta ba shi amanar shanun huɗanta bayan rasuwar maigidanta, ya kora ɗaya kasuwar Wudil ranar Juma'a ya sayar ya shige Kudu ko sallama babu. Yanzu ya dawo ba lafiya, ya tashi a gaban ikilisiya ya yi kuka, Fasto ya karanta 1 Yahaya 1:9 yace Allah ya gafarta masa, mutane suka hau tafi. Ni ban tafa ba. Ra'ayina shi ne babu gafara sai ya dawo da sa, in ba haka ba mun mayar da jinin Yesu sabulun wanke ɓarayi.

Malamin Makarantar Lahadi:
Baban Rahila na ji zafin da kake ji amma maganarka ta ƙarshe ta yi nauyi. In jinin Yesu bai wanke ɓarayi ba to wa zai wanke? Mutum na farko da Ubangiji ya yi wa alkawarin Firdausi da bakinsa yana kan gicciye ai mai laifi ne da aka rataye kusa da shi, Luka 23. Hannunsa a kafe, me ya mayar wa waɗanda ya cuta? Ko allura. Romawa 5:8 kuma cewa ta yi tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, ba bayan mun biya bashi ba.

Baban Rahila:
Malam wancan ba shi da gobe, wannan yana da ita. Kullum aka yi magana sai ku ɗauko ɓarawon gicciye, shi yasa yaranmu ke cewa bari in sha duniya in tuba daga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman Ishaku:
Ku maza kuna ta jefa ayoyi, ni ce nake shiga ɗakin Inna. Kun san sa ɗaya ba ya jan garma, haka ta sayar da ɗayan da arha a wannan shekarar saboda ba abokin huɗa kuma ba abin ciyar da shi, tun daga nan sai ta jira kowa ya gama nasa kafin ta samu mai yi mata huɗa, gero ya yi latti, damina biyu ko rabin rumbu bata cika ba. 'Yarta ta bar makaranta a aji uku na sakandare. Ranar Lahadi da ake tafi ina kallonta ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta, ba wanda ya waiwaya ya ce mata sannu. Wannan shi ya fi ɓata min rai, ba gafarar ba.

Ɗan Auta (daga Zariya):
Ina kwana iyayena. Ni ban je sujada ba amma a ganina ana haɗa abu biyu. Gafarar Allah kyauta ce, Afisawa 2:8-9 tace ta alheri ne ba ta ayyuka ba don kada kowa ya yi fahariya. In muka ce sai ya biya sa kafin Allah ya karɓe shi to mai kuɗi zai riga talaka shiga sama kenan, wanda ya saci abu ya samu arziki ya biya ya tsira, wanda ya tsiyace ya hallaka.

Baban Rahila:
Yaro je ka karanta Fitowa 22:1 tukuna. Wanda ya saci sa ya yanka ko ya sayar, shanu biyar zai biya. Tunkiya kuwa huɗu. Allah ɗaya ne ya faɗi wannan da wancan, ko ya canja ne?

Ɗan Auta (daga Zariya):
Baba bai canja ba, amma wannan shari'ar Musa ce ga Isra'ila, in za mu bi ta duka ai aya ta 3 cewa ta yi in ɓarawon ba shi da abin biya a sayar da shi. Za mu kai shi Wudil ɗin ne shi ma?

Maman Ishaku:
Kai Auta Allah ya shirye ka, ka sa ni dariya ina cikin fushi.

Dattijo:
Na karanta duka. Ku bar ni in yi tsawo kaɗan tunda yatsuna ba sa sauri. Baban Rahila ya sa keken a gaban jaki ne kawai, amma kayan da ya ɗauko na gaskiya ne. Ku duba Zakka mai karɓar haraji a Luka 19. Yesu bai tsaya a gindin itacen ya ce sai ka kawo lissafin waɗanda ka zalunta kafin in shiga gidanka ba, cewa ya yi sauko yau a gidanka zan sauka, mutane suna ta gunaguni kamar yadda muke yi yanzu. Bayan ya shiga ne Zakka ya tashi da kansa ya ce rabin dukiyarsa na matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya matsa masa. To ƙaunar ce ta fara zuwa, biyan ya biyo baya, amma ya biyo ɗin. Inda nake da damuwa da namu mutumin, kwana huɗu kenan da kukan nan kuma ƙafarsa bata taka ƙofar gidan Inna ba, alhali ko rabin kilomita babu tsakaninsu. Kuka a gaban jama'a ya fi sauƙi a kan durƙusawa a gaban mace ɗaya.

Malamin Makarantar Lahadi:
Baba Dattijo wannan gaskiya ne, Matiyu 5:23-24 ma ta ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Amma fa kunya ma tana hana mutum, kar mu yanke cewa tubansa na ƙarya ne, zuciya Allah ne ke gani.

Baban Rahila:
Yauwa ai kun dawo hanyata. Ko ɗan'uwan babana da ya musulunta da muka yi hirar jiya a bakin rijiya cewa ya yi su a wajensu hakkin Allah daban hakkin mutum daban, ba a gama tuba sai an mayar wa mai hakki hakkinsa ko shi ya yafe. Na ji kunya wallahi, kamar mu ne muke da addinin da ake cin amana a share da waƙa ɗaya.

Ɗan Auta (daga Zariya):
Ba mu dawo hanyarka ba Baba. Kai cewa ka yi BABU gafara sai an biya. Dattijo cewa ya yi an gafarta shi yasa za a biya. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Gwaggo ta Zumuntar Mata:
An karanta min abin da kuke rubutawa nace jikata ta rubuta min nawa. Ku da kuke cewa kyauta kyauta, kyauta ce a wajen wanda aka yafe wa, amma akwai wanda ya ɗauki asarar. Wanda ya yafe bashi ai daga aljihunsa kuɗin suka fita. Allah bai kawar da kai ya ce ba komai ba, Ɗansa ya bayar, Ishaya 53 tace an soke shi saboda laifofinmu. To in ikilisiya tana so ta yi koyi da Allah ta tafa wa mai tuba, sai ta sa hannu a aljihu ita ma. Manzo Bulus da ya mayar da bawan nan Unisimas wurin ubangidansa Filimon cewa ya yi in yana da bashinka ka ɗora a kaina ni zan biya. Mu kuwa mun yafe da dukiyar gwauruwa, mun tashi mun tafi gida cin tuwo.

Maman Ishaku:
Gwaggo Allah ya ƙara miki nisan kwana. Abin da na kasa faɗa kenan.

Malamin Makarantar Lahadi:
Na karɓi wannan. Amma ina tsoron abu ɗaya, kar mu koya wa Inna riƙo. Misalin bawan nan a Matiyu 18, sarki ya yafe masa bashin maƙudan kuɗi har talanti 10,000 shi kuma ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100, kun san ƙarshensa.

Dattijo:
Malam yi hankali da wannan misalin, kar ka ɗora wa wadda aka cuta kaya biyu. Dinari ɗaya ladan aikin yini guda ne a Matiyu 20, dinari 100 kenan ƙwadagon sama da wata uku, ba ƙaramin abu ba ne, Yesu bai ce ba ciwo ba. Ya dai gwada shi da abin da ba ya biyuwa. Kuma Inna bata shaƙe kowa ba, ko wajen mai unguwa bata kai ƙara ba balle 'yan sanda, mu ne ma muka so kaiwa a lokacin ta hana. Dawuda ma da annabi Natan ya ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinka, ai bai ce masa abin da ya shuka ba zai tsiro ba, gidansa bai ƙara zama lafiya ba.

Baban Rahila:
To ni tambayata ɗaya, Jibin Ubangiji na wata mai zuwa, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da mutuwar Yesu, za a miƙa masa ƙoƙo ko a bencin baya zai zauna? Don yarinya in ta yi ciki wata shida muke sa ta a horo ba wanda yake karanta mata ɓarawon gicciye. Laifi tudu ne.

Ɗan Auta (daga Zariya):
Wannan kam ka kama mu Baba, ba ni da amsa.

Babban ɗan Inna:
Ina cikin group ɗin nan tun ɗazu ina karantawa. Na faɗa wa Inna, tace in gaya muku ita ta daɗe da barin maganar bijimin tun shekarar da ta yi jinya, don ta ga riƙon yana cinta. Shekaranjiya ma ita ta aika ƙanwata da kunu gidan mutumin da ta ji ba ya iya cin tuwo. Amma tace kar wanda ya zo ya ce mata ta tsaya a gaba su rungumi juna a ɗauki hoto, bata shirya ba. Ni kuwa gaskiya ban yafe ba tukuna, ni na bar gida na tafi aikin bulo a Kano saboda abin nan, ku yi min addu'a kawai kar ku yi min wa'azi.

Dattijo:
Mun ji ɗana, ba mai matsa maka. Laraba bayan addu'ar yamma dattawa za mu zauna da Fasto, maganar Jibi da ta horo duk za a taɓa, kuma ni da kaina zan je in ɗauko mutumin in raka shi gidan Inna in ta yarda. Yana da gonar gado a bayan rafi, za mu ji me zai ce a kanta da bakinsa.

Baban Rahila:
Ni dai har yanzu ina kan bakata, sai na ga abin da ya fito daga hannunsa. Amma ruwa ya kusa sauka, shanuna za su fara da gonar Inna bana kafin tawa. Wa zai kawo iri?

Maman Ishaku:
Zumuntar Mata za mu kawo gero kwano biyar, gyaɗa kuma sai an tambayi Gwaggo.