Ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa: shin shi ne ya kashe mini tsiron auduga?

Manomi daga Talata Mafara:
Assalamu alaikum. Bana na gwada shuka auduga da wuri, a ƙarshen watan Afrilu, ina ba ta ruwa daga rijiyar da na haƙa a gefen fadama, domin ta kama ƙasa kafin damina ta sauka. Fiye da rabin irin bai fito ba, wanda ya fito kuma ya tsaya cak, gefen ganyensa ya ƙone. Bayan kowane ban ruwa nakan ga fari-fari kamar toka a kan kunya, kuma ruwan yana da ɗanɗanon kanwa. Na sha jin cewa auduga tana jure gishiri, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai. Ina roƙon masana su haska mini.

Malamin gona daga Gusau:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kuka ji gaskiya ne, amma rabinta kuka ji. Auduga tana cikin amfanin gona mafi juriyar gishiri, domin yabanyarta ba ta fara raguwa sai gishirin ƙasa ya wuce 7.7 a ma'aunin dS/m, wanda ake gwada yawan gishiri a ƙasa ko a ruwa da shi, alhali masara tana fara wahala tun daga 1.7, shinkafa kuma daga 3. Sai dai wannan juriya ta babbar auduga ce wadda saiwarta ta nutsa. Lokacin tsirowa da makonnin farko shi ne lokacin rauninta, saboda gishiri yana riƙe ruwa a cikin ƙasa, ya hana iri shan abin da zai fasa shi, sai shuka ta yi ƙishi alhali ƙasa tana da danshi.

Farin da kuke gani shi ne ya fi damuna. Idan ruwa ya bi tsakanin kunyoyi, yakan haura zuwa sama, rana ta busar da shi, gishirin ya taru a daidai ƙolin kunya, wato inda yawancinmu muke binne iri. A zafin Afrilu kuwa wannan taruwa tana da sauri ƙwarai. Ku riƙa shuka a gefen kunya, kusa da inda ruwa yake kaiwa, kuma ku bai wa gonar ruwa mai yawa kafin shuka domin ya tura gishirin can ƙasa, ya wuce inda saiwa take kaiwa. Ku kuma kai ruwan a auna shi. Idan ya haura 3 a wannan ma'auni, yana buƙatar taka-tsantsan sosai.

Tsohon manomin rani daga Bakura:
Ɗana, malam ya faɗi daidai, amma zan ƙara abu guda daga abin da idona ya gani tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978. Wanke gishiri da ruwa ba ya yiwuwa sai ruwan yana da mafita. Duk gonar da magudanarta ta toshe, ƙarin ruwa ƙarin ciwo ne, domin ruwan ƙasa yakan taso ya dawo da gishirin sama. Kuma tun da ka ce kanwa, ka lura da ƙasar kanta: idan ta bushe tana yin tauri kamar daɓe, idan ta jiƙe ruwa ya kwanta bai shige ba, to sai ka haɗa da jifsam, wani farin garin ma'adini da ake gyara ƙasa mai kanwa da shi, da takin shanu da ya ruɓe. A ganina kaɗa ba ta son gaggawa. Ruwan sama na farko yana wanke kunya kyauta.

Manomi daga Talata Mafara:
Na gode, Baba, na gode Malam. Ƙasar tana yin taurin da kuka kwatanta. Zan yashe magudanar a wannan makon, in kai ruwan Gusau a auna, sannan in sake shuka a gefen kunya bayan ruwan sama ya sauka sau biyu.