'Ya'yan Taurari da Shaye-shaye: Shawarwarin da Aka Bayar

Da aka zauna tattauna halin shaye-shaye da 'ya'yan taurarin fim da waƙa ke faɗawa, shawarar da ta fi rinjaye ita ce iyaye su daina rufa-rufa don kare sunansu, su kuma zauna da yaransu. An kawo misalin Jaycee, ɗan Jackie Chan, da aka kama a Beijin a 2014 kan tabar wiwi, ya yi wata 6 a gidan yari, alhali a lokacin mahaifinsa jakadan yaƙi da miyagun ƙwayoyi ne a ƙasar Sin.

Inda aka fi jan magana shi ne batun korar yaro daga gida. Wasu sun ce a kore shi ya ji jiki. Mafi yawa ba su yarda ba, ni ma ina tare da su: a daina ba shi kuɗi a hannu, a biya likita kai tsaye, amma kada a yanke zumunci. Jarumin fim ɗin Indiya Sunil Dutt bai yar da ɗansa Sanjay ba, Amurka ya kai shi jinya har ya farfaɗo. In yaro ya sake komawa shaye-shaye, a mayar da shi wurin likita, ban da gori.

An kuma ja kunnen iyaye kada su kai rikicin gida gaban 'yan jarida. A cikin iyayen, wanda shi kansa ke sha, ya fara neman magani tukuna. Mawaƙiyar Amurka Whitney Houston ta yi fama da shaye-shaye; 'yarta Bobbi Kristina ta rasu a 2015 tana da shekara 22, shekara 3 bayan mahaifiyarta.