Me ya sa ake raba kotunan ƙasa shiyya-shiyya?

Ɗalibar Shari'a ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina. Ina shekarar farko a karatun shari'a, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. Idan doka ɗaya ce take aiki a faɗin ƙasa, mene ne dalilin raba kotuna zuwa shiyyoyi, har a ce wannan kotu tana da hurumi a nan amma ba ta da shi a can? Sannan idan kotunan shiyyoyi biyu suka yi wa sashe ɗaya na doka fassarori masu karo da juna, wacce za a bi?

Tsohon Magatakarda ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara rarrabe hurumi iri biyu, domin akwai wanda ya shafi nau'in shari'ar da kotu za ta iya saurara, akwai kuma wanda ya shafi yankin da ikonta ya tsaya, kuma na biyun kike tambaya a kai. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa suke bi ita ce mai ƙara ne yake bin wanda yake ƙara zuwa inda yake zaune, rikicin fili ana yin sa a inda filin yake, laifi kuwa a inda aka aikata shi. Hikimar ita ce shaidu suna kusa, sammaci yana isa da wuri, kuma idan ta kama alƙali ya je ya ga iyakar gona da idonsa, ba sai ya yi tafiyar kwana ba.

Kada ki ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu. Lokacin da nake aiki, wani dattijo ya yi kusan shekara biyu yana zuwa mana da takardunsa a naɗe cikin leda, kullum shi ne na farko a kan benci. Ranar da lauyan ɗaya ɓangaren ya nuna cewa filin da ake jayayya a kai yana ƙetaren iyakar yankinmu, dole kotu ta kori ƙarar ba tare da ta taɓa gundarin maganar ba. Har yau ina tuna yadda ya tsaya a gaban teburina yana tambaya ko shaidun da ya kawo za su sake rantsuwa daga farko, ni kuwa na ce masa haka ne.

Lauya Mai Zaman Kansa ya amsa:

Baba ya gama da tambaya ta farko, bari in taɓa ta biyu, domin amsarta ta danganta da yadda kowace ƙasa ta gina tsarinta. A Amurka kotunan tarayya na matakin farko suna cikin gundumomi 94, waɗanda aka tattara ƙarƙashin kotunan ɗaukaka ƙara 12 na shiyyoyi, sai ta 13 da aka kafa a 1982 wadda huruminta ya rataya a kan nau'in shari'a, kamar haƙƙin ƙirƙira, ba a kan yanki ba. Kowace daga cikin goma sha biyun nan kotu ce mai cin gashin kanta, kuma hukuncinta yana ɗaure ƙananan kotunan shiyyarta ne kaɗai. Saboda haka yana yiwuwa dokar tarayya ɗaya ta kasance da wata ma'ana a Texas, wadda take Shiyya ta Biyar, da wata ma'anar daban a Kalifoniya, wadda take Shiyya ta Tara, kuma haka za a ci gaba da tafiya har ranar da Kotun Ƙoli ta yarda ta karɓi batun ta raba gardama. Iyakokin ma ba dawwamammu ba ne, domin a 1981 aiki ya yi wa Shiyya ta Biyar yawa, aka cire jihohin Alabama da Florida da Jojiya aka kafa Shiyya ta Goma Sha Ɗaya da su.

Najeriya ta bi wata hanya. Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda aka kafa a 1976, kotu ɗaya ce tak a idon tsarin mulki, rassanta da suke zama a Legas da Kaduna da Enugu da sauran birane kuwa an buɗe su ne don kusantar da ita ga jama'a. Ke nan hukuncin reshe ɗaya hukuncin kotun ne gaba ɗaya, kuma yana ɗaure manyan kotunan da suke ƙarƙashinta a ko'ina cikin ƙasar. A ganina wannan ya fi kusa da adalci, domin bai kamata haƙƙin mutum ya sauya don ya ƙetare iyakar jiha ba, sai dai yana buƙatar alƙalan kowane reshe su riƙa sanin abin da 'yan'uwansu suka yanke, in ba haka ba kotu ɗaya za ta yi magana da baki biyu.

Malama Mai Koyarwa ta amsa:

Ƙari a kan bayanin Barista, Faransa tana da kotunan ɗaukaka ƙara 36, kuma a samansu akwai kotu ɗaya a Faris wadda ba ta sake sauraron shaidu, aikinta kawai ta duba ko an yi amfani da doka daidai. Idan ta soke hukunci, yawanci takan mayar da shari'ar ƙasa domin wasu alƙalan daban su sake dubawa.

Abin da nake so ki sa wa ido a karatunki, ƙanwata, shi ne yadda wasu masu ƙara suke barin kotun da ta dace su tafi neman wadda suke zaton za ta saurare su da sassauci. Wannan ɗabi'a ce take haifar da umarni biyu masu cin karo daga kotuna masu matsayi ɗaya, ta bar wanda aka umarta bai san wanne zai bi ba. Idan kika fara zuwa kotu kallon shari'a, ki lura da abin da lauyan wanda ake ƙara yake fara ɗagawa kafin komai, za ki ga sau da yawa batun hurumi ne, kuma alƙali ba zai ci gaba ba sai ya yanke hukunci a kansa.