Shawarwarin da na tattaro kan karatun sinadarai da aikin muhalli

To jama'a ga abin da na tsinta a wata hira da aka yi kan abin da mai karatun sinadarai yake buƙata don shiga aikin muhalli. Kusan kowa cewa ya yi digiri kaɗai ba ya isa, sai hannunka ya saba da na'urorin awo, ka iya saita su da kanka, ka kuma iya ɗibar samfurin ruwa a kwalba mai tsafta, don in ya gurɓace tun wajen ɗiba to duk wahalar ta tashi a banza. Ka riƙe lissafi gam, abin da ake nema ƙanƙani ne sosai, dalma a ruwan sha ma maikirogiram 10 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a lita Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Batun mastas kam an rabu, ni dai ina tare da masu cewa a fara gogewa a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, tukuna.