Muhawara: Aikin da malamin Turanci ya yi a wajen aji, wa zai biya?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum. Maganar da Baba Hedimasta ya jefa jiya da daddare ta bar baya da ƙura, shi ya sa na ware mata wuri. Cewa ya yi masu koyar da Turanci a ƙasashen waje ba su da hujjar neman a biya su lokacin shirya darasi da cike takardu, don duk an haɗa cikin kuɗin awa. Baba, bismillah. Jama'a, a kiyaye harshe.

Baba Hedimasta, Zariya: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana. Mu da muka riƙe alli a firamare, da fitilar ƙwai muke rubuta shirin darasi, Litinin da safe a ajiye wa hedimasta ya bi da jan biro ya sa hannu. Ba wanda ya taɓa zuwa ofishin ilimi ya ce a biya shi daren Lahadi. Tela in ya yanke maka kuɗin ɗinki, ba ya dawowa ya ce awo da yanka daban ne. Kun je inda kuɗi ke da nauyi, ku riƙe aikinku ku gode wa Allah.

Malamar Osaka: Allah ya ƙara girma, Baba. Ku albashin wata kuke karɓa, aji ya zauna ko bai zauna ba, da hutu, da fansho a ƙarshe. Inda nake, wata makarantar koyon hira da Turanci a Osaka ta ƙasar Japan, lissafi yana farawa ne idan ɗalibi ya zauna, ya tsaya idan ya miƙe. Tsakanin darasi da darasi akwai minti goma da aka rubuta a matsayin hutu. A cikinsu zan goge allo, in tattara katunan hotuna da yara suka watsa ƙarƙashin tebur, in raka yaro bakin ƙofa inda uwarsa ke tsaye da jaka tana jiran in gaya mata abin da ya koya yau, sannan in koma kwamfuta in shigar da rahoton kowane yaro kafin na gaba ya shigo. Ruwa ma a tsaye nake sha. Shi kuwa tela, Baba, shi ke yanke farashinsa. Ranar da mai riga ya ce sai ya rubuto masa bayanin kowane ɗinki a fom, ku ga in bai ƙara kuɗi ba.

Malamin Riyad: Yaya, ban ƙi taki ba, amma Baba yana da inda ya taka gaskiya. Duk wanda ya yi kwas ɗin CELTA, wato horon masu koyar da Turanci, ya san awa shida kacal ake auna koyarwar mutum a aji, amma kwana ake yi ana shirya darasin minti arba'in. Haka sabon malami yake. Wanda ya daɗe kuwa, darasin da ya koyar bara yana cikin fayil, ɗan gyara zai yi. To idan aka ce a biya shiri da awa, mai nawa zai fi gwani samu ke nan? Mai makaranta ya biya ni saboda ban iya ba tukuna? Wannan ba ya shiga kaina.

Malamin Madrid: Ai an daɗe da warware wannan, ɗan'uwa. A Ingila tun Satumban 2005 malamin makarantar gwamnati yana da haƙƙin a ware masa aƙalla kashi 10 cikin ɗari na jadawalin koyarwarsa don shiri da duba aikin ɗalibai, cikin lokacin makaranta. Ba a tambayar ka ko kai mai sauri ne ko mai nawa. Kason a yanke yake. Ƙasar masu Turancin ke nan.

Malamin Riyad: Makarantar gwamnati ka ce. Mu maganar masu zaman kansu muke yi.

Malamin Madrid: Haka ne, amma hujjarka ta cewa ba yadda za a auna ita ce ta faɗi. Kuma Baba, da izininku, ba yaran yanzu suka ƙirƙiro wannan koke ba. Shawarwarin da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da su ran 5 ga Oktoba 1966 kan matsayin malamai sun ce idan za a tsayar wa malami awannin aji, a yi la'akari da lokacin shirya darasi da na duba aiki. Ranar ce ma ake bikin malamai kowace shekara.

Baba Hedimasta, Zariya: Shawara ka ce, ɗana. Na ga shawarwari da yawa sun tsufa a cikin durowa.

Malamar Osaka: To bari in kawo wanda ba shawara ba. A watan Maris na 2000 Kotun Ƙolin Japan ta yanke hukunci a shari'ar ma'aikatan wurin ƙera jiragen ruwa na Mitsubishi da ke Nagasaki. Rigimar a kan lokacin da suke ɗauka suna sa kayan aiki da na kariya ce, kafin a buga ƙararrawa. Kamfani ya ce ba aiki ba ne. Kotu ta ce lokacin aiki shi ne duk lokacin da ma'aikaci ke ƙarƙashin umarnin mai aiki, kuma abin da ke faruwa a zahiri ake dubawa, ba abin da aka rubuta a kwantiragi ba. Tunda kamfani ne ya wajabta sa kayan a harabarsa, sai ya biya.

Nan nake so mu raba abubuwa biyu da ake ta cakuɗawa. Idan na zauna a ɗakina ina neman wani wasa da zai sa yara su daina rikita "r" da "l", ba wanda ya sa ni, don kaina da mutuncin sana'ata nake yi, ban kai wa kowa lissafi ba. Amma idan aka ce in iso minti ashirin kafin darasi ko a rubuta na makara, in cike rahoto a fom ɗinsu kafin ƙarfe kaza, in halarci taron malamai, in yanka takardun ado in manna a bango don bikin Kirsimeti, in tsaya bakin tashar jirgin ƙasa ina raba takardar talla, duka wannan umarni ne. Wanda bai yi ba za a kira shi ofis. Abin da za a hukunta ni in na bari, ta yaya zai zama kyauta in na yi? Kuma galibin takardun nan ba don ɗalibi ake yin su ba. Don a nuna wa iyaye ne su sake biyan kuɗin zango.

Baba Hedimasta, Zariya: 'Yata, kin haɗa malami da maƙerin jirgi. Ranar da malami ya fara ƙirga minti, albarkar aikin ta fara tafiya. Amma raba takardar talla a tasha, wannan kam ban san da shi ba, kuma ba malanta ba ce.

Mai Shirin Tafiya, Kumasi: Salamu alaikum iyaye da yayye. Ni ƙarama ce a nan, sauraro nake. Wani kamfani da ke tura malamai makarantun gwamnati a Japan ya aiko min da kwantiragi, an rubuta awa 29.5 a mako, amma jadawalin ya nuna ina makaranta tun safe har yamma, Litinin zuwa Juma'a. Me ya sa da rabi?

Malamar Osaka: Ƙanwata, wannan rabin yana da tarihi. A da, sai ma'aikaci ya kai kashi uku cikin huɗu na awannin cikakken ma'aikaci, wato awa 30 cikin 40, kafin ya zama dole a sa shi cikin inshorar lafiya da fansho na ma'aikata, wanda kamfani ke biyan rabin kuɗinsa. Sai kamfanoni suka riƙa rubuta 29.5, su ƙirga lokacin aji, su kira sauran hutu, alhali kina ɗakin malamai kina yanka kati. An rage wa dabarar ƙarfi: daga Oktoban 2016 mai awa 20 ma yana shiga idan kamfanin na da ma'aikata 501 ko fiye, aka sauko zuwa 101 a 2022, sannan 51 a 2024, tare da wasu sharuɗɗa. Amma ki yi lissafi da kanki. A ce kina makaranta awa 40 ana biyan 29.5, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makonki ya tafi a banza. Ki tambaye su a rubuce: wannan lokacin da suka kira hutu, za ki iya fita daga makaranta ki yi abin da kika ga dama?

Malamin Riyad: Ki bi a hankali dai, ƙanwa. Doka daban, zama daban. A nan ma dokar ƙwadago ta ce awa 8 a rana, 48 a mako, a Ramadan a rage wa Musulmi zuwa 6, kuma akwai kuɗin ƙarin lokaci. Amma wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke rataye da wurin aikinsa, kuma kwantiraginsa na shekara ɗaya ne, ba korarsa za a yi ba. Shiru za a yi masa lokacin sabuntawa. Mu da fasfonmu kore ne, layin masu jiran gurbinmu dogo ne. Koriya ta Kudu ma bizar koyar da Turanci ƙasashe bakwai aka fi sani da ita, a Afirka ƙasar Afirka ta Kudu ce kawai a ciki. Ba ko'ina muke da wurin komawa ba.

Malamin Madrid: Wannan gaskiya ce mai ɗaci. A Sifen tun Mayun 2019 dole ne a rubuta awannin kowane ma'aikaci kullum. Inda na taɓa aiki rajistar tana nan a kan tebur, muna sa hannu, amma awannin aji kawai ke ciki. Jarrabawar da na duba a cikin jirgin ƙasa ba ta taɓa shiga ba. Sai dai shi wannan tsoron naka, Malam, hujja ce ta yin shiru. Ba ta nuna cewa ba a bin masu makarantu bashi ba.

Malamin Riyad: Ban ce ba a bin su ba. Rahoto da taro, na yarda a biya. Shirin darasi ne har yanzu nake ganin nawa ne.

Malamar Osaka: Ko da sun ba ka fom mai shafi biyu sun ce ka miƙa kafin Alhamis?

Malamin Riyad: To wannan ya zama rahoto.

Malamar Osaka: Madalla, ka iso inda nake. Ƙanwata ta Kumasi, a Japan bizarki ba ta mutuwa ranar da kika bar kamfani, sanar da hukumar shige da fice za ki yi cikin kwana 14. Akwai ƙungiyar ƙwadago mai suna General Union a nan Osaka tun 1991, malaman harsuna 'yan waje suna da yawa a ciki. Tun Afrilun 2020 ana iya bin albashin da aka danne har na shekara uku baya. Ki sayi ƙaramin littafi, kullum ki rubuta lokacin shiga da na fita da abin da aka sa ki.

Baba Hedimasta, Zariya: Yarinya ba ta ko hau jirgi ba kuna koya mata shari'a. 'Yata, ki je ki koyar da yaran mutane tsakani da Allah. Littafin kuma ki saya, ba zai cutar ba.

Mai Shirin Tafiya, Kumasi: Na gode Baba, na gode Yaya. Akwai wani wuri a shafi na uku da ya kira ni "mai aikin kanta", ba ma'aikaciya ba. Shi ma matsala ne?

Malamar Osaka: Kada ki sa hannu tukuna. Idan suka ɗauke ki a mai aikin kanta, za su ce dokar ƙwadago ba ta shafe ki ba, duk abin da na lissafa sai kin fara tabbatar da cewa ke ma'aikaciya ce. Rufe sunanki da na kamfanin, ki turo min hoton shafin ta akwatina.