Furojet ɗina ya wargaje a shagon buga takardu, da wane tsari zan ajiye shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah shawara nake nema. Ina aji huɗu a sashen Hausa, na rubuta furojet ɗina da Word a laftof ɗin yayana. Da na kai shago a buga min, sai kan babi na biyu ya sauko ƙasan shafi, jadawali ya rabu biyu, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke kuma sai ɗan akwati ya fito. Malamin da ke duba aikin ya ce in tura masa wanda zai iya gyarawa, sashe kuma PDF suke so. In na danna Save As sai in ga doc, docx, rtf, odt, txt, ban san wanda zan ɗauka ba.

Mai shagon kwamfuta: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kullum sai an kawo mana irin wannan. Yawanci fayil ɗin Word ba ya tafiya da salon haruffan da kika zaɓa, sunan salon kawai yake ɗauka. In kwamfutar shagon ba ta da shi, sai ta saka wani a madadinsa. To faɗin haruffa ba ɗaya ba ne, layi ya ƙaru nan ya ragu can, shafuka su goce. In kuma salon da ta saka tsoho ne marar haruffa masu ƙugiya, ga akwatunanki nan. Ki koma laftof ɗin da kika yi rubutun, ki danna F12, ki zaɓi PDF. Shi PDF yana ƙunshe haruffan a cikinsa, yadda kika gani haka zai fito. Ki duba ma girman takarda, A4 muke bugawa, wasu kwamfutocin kuma a kan Letter na Amurka suke zuwa, wannan ma yana ture shafi.

Wani ɗalibi: Anti ba sai kin wahala ba, ki goge docx ɗin da ke ƙarshen sunan ki rubuta pdf, shi ke nan.

Mai shagon kwamfuta: A'a ɗan'uwa, kar ka sa ta asara. Sauya suna ba ya sauya abin da ke ciki, fayil ɗin ma ƙin buɗewa zai yi.

Wata malamar jami'a: 'Yata, malaminki docx za ki tura masa, don ya kunna Track Changes ki ga duk wurin da ya taɓa. Shi doc tsohon tsari ne, na Word 2003 da waɗanda suka gabace shi. Daga Word 2007 aka koma docx, ya fi ƙanƙanta kuma kusan kowace manhaja tana buɗe shi, har WPS na waya da Google Docs. Ba ki da buƙatar doc sai in an ce miki kwamfutar ofishin tsohuwa ce ƙwarai. Kafin ki tura, ki shiga File, Options, Save, ki saka alama a Embed fonts in the file, don haruffanki su bi fayil ɗin. Zai ɗan ƙara nauyi, amma ba komai. Kuma don Allah ku daina danna Enter sau goma don babi ya koma sabon shafi. Ctrl da Enter tare za ki danna, kan babin ba zai sake saukowa ba ko a wace kwamfuta.

Mai amfani da LibreOffice: Odt namu ne na LibreOffice, wata manhajar rubutu irin Word. Word yana buɗe shi amma wani lokaci jadawali yakan ɗan karkace, ki bar shi tunda ba a nema ba. Rtf ya tsufa. Txt kuwa rubutu ne tsura, babu jadawali babu hoto. Ranar da kika buƙace shi, ki zaɓi UTF-8 a akwatin da zai fito, in ba haka ba ƙ da ɗ za su koma alamar tambaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. To Malama, in na yi PDF ɗin zan iya goge na Word? Na ji an ce ana mayar da PDF ya koma Word.

Malamar jami'a: Kul, kar ki goge. Gaskiya ne Word 2013 zuwa sama yana buɗe PDF ya mayar da shi, amma tsarin shafi da lambobin ƙasan shafi sukan fito a hargitse, ki kwana kina gyara. Docx ɗin shi ne asalin aikinki, a cikinsa za ki riƙa yin kowane gyara, in kin gama ki fitar da sabon PDF. Ki riƙa saka kwanan wata a sunan kowane kwafi, ki kuma tura wa kanki ɗaya ta imel, don filash yana ɓata.

Mai shagon kwamfuta: In kin yi PDF ɗin ki buɗe shi a wayarki ki bi shafi-shafi kafin ki biya kuɗin bugu.