Muhawara: Ƙaramar Hukuma Ta Sa Baki a Ƙidaya ko Ta Kama Kanta?

Tsohon Akanta: Assalamu alaikum jama'a. Na san maganar da na kawo ba za ta yi wa wasu daɗi ba. A ganina duk ƙasar da ke son ƙidayarta ta yi inganci, to ta raba ƙananan hukumomi da aikin baki ɗaya, har da abin nan da ake kira wayar da kai. Dalilina guda ne: ƙaramar hukuma tana da riba a cikin adadin. In ya ƙaru, kasonta ya ƙaru, bakinta ya ƙara ƙarfi wajen neman kujerun wakilci. A Najeriya kashi 30 cikin ɗari na rabon kuɗi tsakanin jihohi, da tsakanin ƙananan hukumomi, yawan jama'a ake dubawa. Ba a ba kura ajiyar nama. Ku duba tarihi. Ƙidayar 1962 soke ta aka yi, aka sake a 1963. Ta 1973 ta ce mun kai miliyan 79.8, gwamnatin Murtala ta yi watsi da ita a 1975. Da aka ƙirga a 1991 sai aka sami miliyan 88.9. Wato a shekara 18 mutum miliyan tara kacal muka ƙaru? Kowa ya san aringizo aka yi a baya. Kenya ma a 2009 sai da gwamnati ta soke sakamakon gundumomi takwas na arewacin ƙasar, don alƙaluman sun fi ƙarfin hankali. Masu iko na kusa su ne ke da muradin hakan.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam Baba. Ban musa tarihin da ka kawo ba, amma aringizo kawai kake gani, ka manta da tsallake. Ina cikin waɗanda suka yi aikin ƙidayar 2006 gida-gida. Taswirar da aka ba mu ta ƙare a bakin wani kwalbati, bayansa a takarda fili ne. Da muka isa sai ga layuka biyu na sababbin gidaje, ko fulasta ba a yi wa wasu ba, ga shanya a igiya, ga yara suna wasa a ƙofa. Wani ma'aikacin sashen filaye na ƙaramar hukuma ne ya ce mana mu tsallaka, akwai mutane. Mu baƙi ne a wurin, da ba shi da mun juya. Sannan akwai jarirai. Sai ki tambayi mace mutum nawa suka kwana a gidan, ta lissafa kowa tsaf, ta bar na goye. Ba ɓoyewa take ba, ba ta ɗauka ana nufin har da shi ba. Wa zai gaya wa iyaye tun kafin ranar cewa jinjirin da aka haifa jiya ma mutum ɗaya ne a lissafi? Sanarwa daga babban birnin ƙasa ba ta kai wa nan.

Tsohon Kansila: Allah ya saka, Malama. Yallaɓai Akanta, ka haɗa mu duka ka yi mana kuɗin goro. Ƙidaya ai ba a hannunmu take ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ta cikin ayyukan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi, Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ce ke ɗaukar ma'aikata, ita ke riƙe da fom. Amma wannan kundin dai, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sanya wa tituna suna, da ba gidaje lamba. Wanda doka ta ce ya ba gida lamba, ta yaya za ka ce kada ya nuna inda gidan yake? Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, babu wata hukuma da ta kai su kusanci da jama'a. Kuma ba mu kaɗai ba. Amurka tun 1790 take ƙidaya duk shekara goma, amma har yau hukumar ƙidayarsu tana aika wa birane da gundumomi jerin adireshi su duba su gyara kafin a fara, tana kuma roƙonsu su kafa kwamitocin jan hankalin jama'a.

Tsohon Akanta: Honarabul, nuna gida daban, gangami daban. A 2006 hukuma ta ce Legas miliyan 9 ce da 'yan kai, gwamnatin jihar ta fito da nata lissafin ta ce miliyan 17.5. Wanda ya kashe kuɗi ya yi gangami, in sakamako bai yi masa ba, shi ne na farko da zai ƙaryata shi.

Ɗalibin Ƙididdiga: Baba, a ba ni dama in sa baki, don misalin Amurka yana da fuska biyu. A 2020 jihar Kalifoniya ta ware dala miliyan 187 don kiran jama'a su cika fom. Majalisar jihar Texas ba ta ware komai ba. Bayan an gama, hukumar ta sake bin wasu gidaje da aka zaɓo don auna ingancin aikin, kamar yadda aka saba. Binciken ya nuna an tsallake mutane a jihohi shida, har da Texas da Florida. Wannan ya goyi bayan Malama da Honarabul. To amma binciken dai ya nuna an ƙirga fiye da kima a jihohi takwas, har da New York, inda aka yi gangami sosai. Ba wai cushe aka yi ba, yawanci maimaici ne: ɗalibi a rubuta shi a makaranta a kuma rubuta shi a gida, mai gida biyu ya fito sau biyu. Kuma abin ba wasa ba ne, New York ta rasa kujera ɗaya a majalisar wakilai saboda gibin mutum 89 kacal. Abin da na fahimta shi ne gangami yana aiki, kuma aikin da yake yi shi ne matsalar in wani ya yi wani bai yi ba.

Tsohon Akanta: Madalla da kai, ɗana. Ka faɗi abin da nake nufi fiye da yadda na faɗa. Rabon nan na kaso ne, in naka ya hau na wani ya sauka. Ƙaramar hukuma mai kuɗin shiga za ta cika rediyo da sanarwa, ta ɗauki motoci. Matalauciya, wadda jama'arta suka fi buƙatar asibiti da makaranta, ba ta da ko na man babur. A ƙarshe mai ƙarfi ya ƙara ƙarfi na shekara goma, ko fiye. Mu nan tun 2006 muke kan alƙaluma ɗaya, wadda aka shirya a watan Mayun 2023 ma ɗage ta aka yi.

Tsohon Kansila: To maganin wannan ai ba hana kowa ba ne, Yallaɓai. A ware kuɗin wayar da kai daga tarayya, a ba wuraren da suka fi wahalar shiga kaso mafi tsoka, saƙon kuma hukumar ƙidaya ta rubuta shi, kowa ya karanta iri ɗaya.

Barista: Ina gaishe ku duka. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ni shi ya fi damuna. Talaka ya san ƙaramar hukuma da fuska biyu. Ita ce mai rigakafi da gyaran rijiyar burtsatse, ita ce kuma mai karɓar haraji da harajin shago, mai sa jan fenti a ginin da ba shi da takarda. Malama ta ce ma'aikacin filaye ya nuna musu sababbin gidaje. Na yarda ya taimaka. Amma Malama, da ya bi ku har cikin zaure ya tsaya yana saurare, kina ganin maigidan da ya yi gini ba izini zai faɗi adadin 'yan hayarsa? Ƙidaya amana ce, kuma an taɓa cin ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da bayanan ƙidayar Amurka wajen tattara 'yan asalin Japan aka tsare su a sansanoni. Yau dokarsu ta hana hukumar ƙidaya ba 'yan sanda ko masu haraji bayanin kowa, kuma ba a buɗe takardun sai bayan shekara 72. Saboda haka ni ban ce a kori ƙaramar hukuma ba, ban kuma ce a sakar mata ba. Ta gyara jerin gidaje, ta yi shela, ta ba da ɗakin ajiye kaya da abin hawa. Amma kada ta zaɓi masu ƙidaya, kada ma'aikacinta ya wuce bakin ƙofa, kada ya ga fom. Sannan ku lura da wannan: sashe na 157 na kundinmu ya ce in aka ƙi rahoton ƙidaya saboda rashin inganci, duk kwamishinonin hukumar sun rasa kujerunsu. Su akwai abin da za su yi asara. Ciyaman da ya yi gangamin ƙarya fa, me zai rasa?

Malamar Firamare: Gaskiya ne Barista, bai shiga ba, a bakin kwalbatin ya tsaya. Da ya shiga da ba mu sami abin da muka samu ba.

Ɗalibin Ƙididdiga: Wasu za su ce na'ura ta raba gardama. Ghana ta yi ta 2021 da kwamfutar hannu mai nuna wurin da aka cika kowane fom, ta sami miliyan 30.8. Hakan yana rage cika fom a ƙarƙashin bishiya. Amma Kenya ma da na'ura ta yi ta 2019, kuma shugabannin Mandera da Wajir da Garissa sai da suka garzaya kotu suna cewa an rage su. Na'ura tana tabbatar da cewa mai ƙidaya ya je gidan, ba ta sa a buɗe masa ƙofa.

Tsohon Akanta: Barista, iyakar da kika shata ta fi abin da ake yi yanzu, amma har yanzu ban gamsu ba, ga dalili. Shelar kanta ana karkatar da ita. Kowa ya taɓa jin kiran nan na "'yan asalin ƙaramar hukumar nan ku dawo gida a ƙirga ku". Babu fom da aka taɓa, babu wanda ya shiga zaure, amma an ɓata lissafi. Mutumin da ke zaune a birni shekara da shekaru, 'ya'yansa a makarantar birnin, matarsa a asibitin birnin take awo, sai a rubuta shi a inda ba ya kwana. Birni ya rasa ajin da ya kamata a gina masa, a gina shi inda babu yara. Wannan a cikin wayar da kai ake sa shi.

Tsohon Kansila: Wannan kam ana yi, ba zan kare shi ba. Amma a haramta wannan kiran da sunansa, kada a haramta shela duka.

Malamar Firamare: Baba, in an bi taka an rufe bakin ƙaramar hukuma, masu kiran a dawo gida ba za su yi shiru ba, ƙungiyoyin ci gaban gari da 'yan siyasa za su ci gaba da yi ta waya. Wanda zai yi shiru shi ne ma'aikaciyar lafiya da za ta ce wa mai jego a rubuta jaririnta, da ma'aikacin filaye da ya san gidajen bayan kwalbati. Ni abin da zan nema, a rubuta a cikin sanarwar da hukuma za ta ba kowace ƙaramar hukuma cewa inda ka kwana nan za a ƙirga ka, a tilasta wa ciyaman ya karanta ta da bakinsa a rediyo. In aka kama shi yana faɗin akasin haka, Barista, akwai dokar da za ta hau kansa, ko sai an yi sabuwa?